Kaset ɗin da Masta ya bar mini ya fara mutuwa, wa zai taimaka?

Baba Mai Dalma, Kaduna

Assalamu alaikum jama'a.

Sana'ata gyaran rediyo da amfilifaya, da ita na yi aure, da ita kuma na aurar. Tambaya ce ta kawo ni, amma sai na ɗan ba ku labari kafin ta zauna daidai. A yi haƙuri da tsawo.

A 1982 mahaifina ya kai ni koyon aiki shagon wani mutumin Ghana, ina ɗan shekara 15. Masta muke ce masa, har yau ban san cikakken sunansa ba. Dogo ne, ba ya son hayaniya, in ayan, ƙarfen narka dalma, na hannunsa ko sallama ba ya amsawa sai ya ɗiga dalmar ta kama. Duk rediyon da aka gama gyarawa, kafin a kira mai shi, akwai kaset guda da yake zarowa daga aljihun gaba ya gwada shi da shi. C90 ne, mai minti 90, babu hoto, babu sunan kowa, sai kalma ɗaya da ya rubuta da jan biro a gefe na biyu: version.

Gefen farko waƙoƙin rege ne irin waɗanda kowa ya sani a lokacin. Bob Marley bai daɗe da rasuwa ba, a Mayun 1981 ya rasu, kuma da wuya ka ratsa Kasuwar Barci ko Kakuri ba ka ji muryarsa daga rumfar wani mai kaset ba. Gefe na biyun ne ya rikita ni. Mawaƙi zai fara, ya faɗi kalma biyu ko uku, sai muryar ta tsinke, ta bar wutsiyarta tana maimaita kanta tana yin nisa, kamar wanda ya leƙa rijiya ya yi kira. Jita ta ɗauke. Masu busa su ɗauke. Ba abin da zai rage sai ganga da bes, su biyu kaɗai, suna takawa a hankali kamar amale ya ɗauko kaya. Sai can a jefo jitar sau ɗaya, tas, ta watse a iska, a sake barin ka da dumar.

Ranar da na fara ji na ce masa, Masta, hed ɗin nan da ke karanta tef bai zauna ba, ko kuma wata waya ta saki. Domin a abin da shi da kansa ya koya mini, in sauti na shiga yana fita, to akwai inda dalma ta tsage. Bai ce komai ba, ya kama hannuna ya ɗora a jikin akwatin sifika, ya ƙara murya. Na ji katakon yana numfashi a tafin hannuna. Sannan ya ce da Hausarsa ta baƙo: wanda ya yi wannan aikin ɗan sana'armu ne, mai gyaran rediyo ne, da gangan yake cirewa.

Sai bayan shekaru masu yawa na tabbatar gaskiya ya faɗa mini. Sunan mutumin Osbourne Ruddock, duniya ta san shi da King Tubby. An haife shi a 1941, a unguwar Waterhouse ta birnin Kingston, a ƙasar Jamaika, ya yi zamansa. Gyaran rediyo da talabijin yake yi, yana naɗa tiransifoma da hannunsa, yana haɗa wa masu kiɗan fili amfilifaya. Ba ya kaɗa ganga, ba ya kaɗa jita, ba ya waƙa. Sai a kawo masa tef na waƙar da aka riga aka gama, ya zauna gaban mikisa ya warware ta zare-zare, ya sake saƙa ta yadda kunnensa ya ce masa. A Fabrairun 1989 aka harbe shi a ƙofar gidansa. Ranar da na karanta wannan, shekaru bayan faruwarsa, ban iya ƙarasa aikin da ke gabana ba.

A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙin da ba su da takarda wa'adin mako biyu su bar ƙasar. Masta ya sayar da abin da ya sayu. Ni ya bar mini ayan ɗinsa, da mita, da kaset ɗin nan. Na raka shi tasha, na ɗora masa jaka a mota. Daga ranar ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Ayan ɗin ya ƙone tuntuni, mitar ma ta tafi. Kaset ɗin ne ya rage, kuma sama da shekara 40 ke nan ina saurarensa. In na rufe shago bayan Isha, in an kawo wuta, nakan ja ƙofa in sa gefe na biyu in zauna. Mutane na tambayata me nake ji a kiɗan da rabinsa babu. Abin da nake iya ce musu shi ne, ku tuna marigayi Shata. Akwai inda zai yi shiru, 'yan amshi su yi shiru, a bar kalangu shi kaɗai, amma duk wanda ke filin ya san abin da kalangun ke faɗa, domin baitin yana nan a kansa. To wannan kiɗan, da ake kira dub, haka yake yi mini. An ɗauke muryar, amma gurbinta na nan, kuma ni nake cike shi. Shekarar da mahaifiyata ta rasu abin da na cike shi da shi daban, shekarar da aka haifa mini ɗan fari daban. Waƙar da aka cika da magana ba ta barin mini wurin zama irin wannan.

Yanzu ga matsalar. Ɗan audugar nan da ke danne tef a kan hed ya ɓalle. Kaset ɗin yana ƙara in yana juyawa, sautin sama ya dushe, sau biyu inji yana taune shi ina warwarewa da biro. Gyaran inji na sani, amma mayar da sauti cikin kwamfuta ba zamanina ba ne, kuma ina tsoron in sa shi sau ɗaya ya zama na ƙarshe. Wasu daga cikin kiɗan na gano su, yarana sun nemo mini a waya, akwai waɗanda suka fito daga faifan 1976 na King Tubby da Augustus Pablo, mai busa melodika. Amma akwai guda da har yau ba mu samu ba. Wallahi kukan saniya ake ji a cikinsa, can ƙasa, kamar ka doshi ruga da almuru. Ko akwai wanda ya san mai wannan aikin?

Akwai kuma wani wuri, wajen minti 31 na gefe na biyu, da kiɗan ya yanke na 'yan daƙiƙu. Wata rana hannun Masta ya danna rikodin bisa kuskure. Ana jin fankar shagon, ana jin muryarsa yana yi wa wani magana da yarensu.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. Autana shekararsa 19. Na ce ya saurari irin wannan kiɗan, ya buɗe a wayarsa, ya yi minti ɗaya ya ce, Baba, ai babu komai a ciki. Na karɓi wayar na saurara, kuma gaskiyarsa, babu komai a ciki. Yaya zan yi yaron nan ya ji abin da nake ji?

Ɗan Fagge, Kano

Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara girma. Ni aikin situdiyo nake yi, waƙoƙin fim da na biki, kuma na taɓa juye wa mutane kaset na wa'azi da na tsofaffin makaɗa, don haka bari in faɗi abin da na sani.

Don Allah kada ka sake sa shi a inji tukuna. Ka samo wani kaset mai kyau wanda ake ɗaure shi da sukurori biyar, ka buɗe, ka cire nasa tef ɗin, ka mayar da naka cikin wannan gidan. Da haka ka samu sabon audugar dannewa da sababbin tayoyi a lokaci guda, kuma yawanci ƙarar daga nan take. Ka naɗe shi da biro a hankali daga farko zuwa ƙarshe, ka dawo da shi, don ya saki jiki. Wanke hed da robar da ke jan tef da sipirit ba sai na faɗa maka ba, kai ne malaminmu a nan. Abu ɗaya da mutane ke mantawa shi ne ɗan sukurun da ke gefen hed. Ka riƙa juya shi kaɗan-kaɗan kana saurare, inda ƙarar farantin ganga ta fi fitowa tsaf, nan ne daidai da injin da Masta ya ɗauka da shi. Sau da yawa sautin saman da ake zaton ya mutu yana nan, hed ne bai fuskance shi ba.

Daga nan waya ce daga bayan dek zuwa kwamfuta. Akwai manhaja ta kyauta, Audacity, ta isa. A ɗauka a WAV, kada a fara da MP3, kuma kada a cika murya har ta riƙa taɓa ja. Minti 45 kowane gefe, a yi shi tashi ɗaya. A ajiye kwafi a wuri biyu ko uku.

Maganar auta kuwa, ba laifinsa ba ne. Igiyar ƙasa ta jitar bes tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa. Sifikar waya ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, ba ta da ƙarfin tura iska a wannan zurfin, sai ta watsar da shi gaba ɗaya. A waƙoƙinmu na yanzu ba a gane asarar, domin murya da fiyano ne a gaba, kuma mu da kanmu muna haɗa sautin ne da sanin cewa a waya za a ji. Dub kuwa ginshiƙinsa bes ne. In ka zare shi, ka ba yaro rufin ɗaki babu bango.

Ka haɗa masa akwati, Baba. Sifika inci 15 ɗaya, katako mai kauri, a toshe duk wata kafa, a ajiye shi a kusurwar ɗaki, bango biyu za su ƙara masa duma. Kuma ka sa shi ya riƙe sukundireba a aikin.

Abin da ke ba ni mamaki game da Tubby, layi huɗu kacal yake aiki da su a wancan lokacin. Ganga, bes, sauran kayan kiɗa, murya. Ni yau ina buɗe layi 40 a kwamfuta, in na yi kuskure in koma baya. Shi kuwa tef na tafiya hannunsa na kan makunnai, in ya kuskure sai a sake daga farko. Har dukan akwatin sifirin ɗin da ke ba da amo yake yi don ya fitar da ƙara irin ta tsawa.

In ka juye ka turo mini, zan rage masa shuu ɗin nan, in kuma yanke wurin da ya katse in haɗe bakin yadda ba za a gane ba. Ba sai ka biya komai ba.

Kawu na Landan

Malam Mai Dalma, ka tayar mini da tsohon tsumi. Ni tsaranka ne ko in ɗan girme ka, na zo ƙasar nan karatu na zauna.

Saniyarka ba ta Tubby ba ce. In ka ji kukan saniya a kiɗan Jamaika na wajajen 1977, to ka nemi Lee Perry, wanda ake ce wa Scratch. A bayan gidansa da ke Washington Gardens ya gina ɗakin ɗaukar sauti a 1973, ya sa masa suna Black Ark. Ka sa yara su nemo maka faifan da ya yi wa ƙungiyar Congos a 1977, za ka ji saniyar a ciki, daga nan sai ku bi sawun version ɗin. Abin da ake faɗa shi ne ba saniyar gaske ba ce, wani mawaƙi ne mai kaurin murya yake yin kukan ta cikin bututun kwali. Su biyun ba halinsu ɗaya ba. Tubby mai tsabta ne, aikinsa ragewa, kamar mai sassaƙa turmi. Perry kuwa tarawa yake, ya ɗora sauti kan sauti a ƙaramin injinsa har abin ya yi kauri kamar kunun da ya kwana. Ɗakin nasa daga baya ya ƙone, kuma shi da bakinsa ya sha cewa shi ya cinna wutar. Ya rasu a Agustan 2021.

Kalmar da Masta ya rubuta ma tana da tarihi. A Jamaika ƙananan faya-fayai ake bugawa, waƙa ɗaya a kowace fuska. Labarin da aka fi bayarwa shi ne, a ƙarshen shekarun 1960 wani mai kiɗan fili, Ruddy Redwood, ya je ɗakin ɗaukar sauti na Duke Reid a yanka masa faifai, injiniya ya manta bai buɗe layin murya ba. Ya tafi da shi haka, ya sa a wajen rawa, jama'a suka ɗauki waƙar da bakinsu. Masu buga faifai suka ga riba biyu: ba sai an biya kuɗin wata waƙar a bayan faifai ba, ga shi kuma mutane na so. Bayan faifan nan shi ne version.

Tunda ka kawo Shata, bari in ƙara maka. Filin da aka bari babu murya, wani ya samu wurin shiga. A kiɗan filin Tubby akwai U-Roy, wanda yake riƙe makirufo yana zuba magana a kan kiɗan, yana kirari, yana zuga masu rawa. Ranar da na fara jin sa na ce wannan ai sanƙira ne. Aikin ɗaya ne sak. A 1970 nasa faya-fayan suka yi tashe, kuma daga irin wannan al'adar Kool Herc ya fito, yaron Kingston da ya koma unguwar Bronx ta New York, wanda ake dangana farkon hip hop da shi.

Abin da nake so in gaya maka game da autanka: ba a yi kiɗan nan don kunne kaɗai ba. Na halarci daren Jah Shaka, mai kiɗan fili, a nan Landan sau da dama kafin rasuwarsa a Afrilun 2023. Mutum ɗaya, injin faifai ɗaya, akwatunan sifika an jera su sun fi tsayin mutum. Zai sa waƙar da muryarta, ta ƙare, ya juya faifan ya sa version. Idan ya saki bes ɗin, ƙafar wandonka kaɗawa take yi, haƙarƙarinka ya amsa. Hannun da Masta ya ɗora maka a kan akwati, darasin ke nan gaba ɗaya. Kuma ka lura da tsarin Shaka: waƙa tukuna, sannan version. Kada ka fara wa yaro da gefe na biyu. Sai ya san abin da ke wurin kafin ya ji an ɗauke shi.

Abu Hafsat, Zariya

Baba, da girmamawa nake tambaya, ba da neman faɗa ba. Mutanen nan 'yan Rasta ne, sun ɗauki Haile Selassie, sarkin Habasha, matsayin da bai kamata a ba ɗan Adam ba, kuma kowa ya san alaƙar kiɗan da tabar wiwi. A unguwarmu duk yaron da ya fara tara gashi yana jin rege, an san inda ya dosa. Kai dattijo ne. Ba ka jin tsoron abin da kake shirin buɗe wa ɗanka?

'Yar Zango, Kumasi

Baba sannu da ƙoƙari. Ni ban san komai a kan inji ba, labarin Masta ne ya tsayar da ni. Ƙanin mahaifiyata yana cikin waɗanda suka dawo a 1983. Daga Legas ya taso, ya yi kwanaki a kan iyaka kafin a buɗe hanya, ya iso ya tarar da fari da gobarar daji da yunwa a gida. Har ya rasu ba ya son a kira jakar nan da sunan da kuke kiranta a Najeriya, wato Ghana Must Go. Amma shi ma da kaset ya dawo, kuma a ɗakinsa na fara jin rege. A zangonninmu har gobe ana jin sa.

In ka juye, don Allah ka sa mana wurin da Masta yake magana. Ina jin Twi, ina jin Fante, ina ɗan taɓa Ga. Wataƙila in gane daga ina ya fito.

Baba Mai Dalma, Kaduna

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Mako uku ke nan, ga abin da ya faru.

Bari in fara da Malam Abu Hafsat, domin tambayarsa ba ta wasa ba ce, kuma ni ma na yi wa kaina ita tun ina saurayi. Malam, ban taɓa sa taba a bakina ba, ko ta sigari. Masta ma ban taɓa ganin sa da ita ba, mutumin coci ne, shayi kawai yake sha. Na san yaran da kake faɗa, wasunsu a gabana suka lalace, kuma na san wasu da suka lalace ba su taɓa jin rege ba. Maganar aƙida kuwa, a nan ba ni da sassauci. Akwai waƙoƙin da in na fahimci abin da suke ɗaukaka ba na sake sa su, a gefen farko na kaset ɗin nan ma akwai biyu da nake tsallakewa. Selassie sarki ne, mutum ne, ya je Jamaika a Afrilun 1966, shi kansa Kirista ne ɗan cocin Habasha, kuma ya mutu kamar kowa. Na faɗa wa ɗana wannan kafin in kunna masa komai. Amma ba zan ɓoye maka ba, akwai abin da na ji a bakin mutanen nan da ya zauna mini: jikokin bayi ne da aka kwashe daga wannan yankin namu, talakawa ne, suna kuka da zalunci da tsadar abinci da harsashin 'yan siyasa. Lokacin da Majek Fashek da Ras Kimono suka taso a ƙarshen shekarun 1980, muna cikin wahalar SAP, tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnati, ba wanda ya buƙaci a fassara mana. Hukuncin kiɗa kuwa na malamai ne, na san akwai saɓani, ban zo in ba kowa fatawa ba. Na fi son yaron ya ji a gabana, ina gaya masa wannan ɗauka wannan bari, da ya je ya ji a inda ba ni nan.

Ɗana na Fagge, Allah ya yi maka albarka. Na bi maganarka ɗaya bayan ɗaya. Na sauya gidan, hannuna na rawa kamar ranar da na fara riƙe ayan. Ƙarar ta tafi. Sukurun hed kuwa, shekara nawa ina juya shi a injin mutane, ban taɓa tunanin in juya shi don kaset ɗina ba. Kwata ɗaya na juya, sai ga farantin ganga ya fito, tsit-tsit-tsit, wanda rabona da jin sa haka tun ina da baƙin gashi. Autan ne ya riƙe ɓangaren kwamfuta. Yanzu yana wuri uku, har da wayar babbar 'yata.

Kawu, saniyar ta Perry ce, mun samu faifan, kukan iri ɗaya ne. Ainihin version ɗin da ke kaset ɗina ba mu kai gare shi ba tukuna, amma yanzu mun san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa. Kuma bambancin da ka faɗa na ji shi da kunnena. Ina girmama Perry, amma ni mutumin Tubby ne. Wanda ya san abin da zai cire ya fi burge ni.

Akwatin mun haɗa. Wata tsohuwar sifika inci 15 ce da wani mai kiɗan biki ya bari a shagona shekaru, na sake naɗa mata koyil. Kafinta ya yanka mana katako, ni da autan muka ɗaure, muka bi kowace kafa da gam. Amfilifayar haɗin hannuna ce. Daren Asabar muka ja ƙofar shago. Na bi shawarar Kawu, na nemo waƙar Jacob Miller da muryarta, wadda aka yi version ɗin Pablo daga kiɗanta, na sa masa sau biyu har ya fara bin ta da baki. Sannan na sa ta Tubby.

Da muryar ta tsinke, sai na ga ya ɗago kai yana neman ta. Ledar sukurori da ke kan teburi ta fara rawa. Ban kama hannunsa ba, shi da kansa ya tashi ya je ya dafa akwatin. Ya daɗe a tsaye. Da ta ƙare ya ce, Baba, mayar da ita baya, akwai inda gangar take zagayawa kamar tana sauka daga bene, ina so in ji yadda aka yi. Mun kai ƙarfe ɗaya na dare. Jiya na tarar ya buɗe waƙar wani abokinsa a kwamfuta yana kashe layin murya yana kunnawa.

Sai dai abu ɗaya, ɗana na Fagge. Shuu ɗin ka rage kaɗan in kana so, amma wurin da ya katse kada ka taɓa shi. Daƙiƙa bakwai ne, na ƙirga. Ita ke nan muryarsa da ta rage mini.

'Yata ta Kumasi, na sa autan ya yanko wurin ya tura. Ki saurara da abin kunne, fankar ta ɗan rufe maganar.

'Yar Zango, Kumasi

Baba na saurara sau biyar, na kuma kai wa wata maƙwabciyarmu tsohuwa ta ji don in tabbatar. Fante yake yi, ba Twi na Asante ba. Masta ɗinka mutumin bakin teku ne, wajajen Cape Coast ko Sekondi. Da wani ɗan garinsu yake magana. Cewa yake rediyon bai gamu ba tukuna, ya dawo ranar Alhamis. A ƙarshe, dab da kiɗan zai dawo, ya juya ya ce da Hausa, "yaro, kawo mita." Ka sake saurara, fankar ce ta danne shi.